Rediyo, waya ko dish: me mazaunin Kumasi zai saya don jin labarin gida?

Ɗan Kano ko Sakkwato ko Damagaram da zama ya kama shi a Kumasi, ko a Aboabo yake ko Asawase ko Sabon Zongo, labari iri biyu yake nema, kuma ba waje ɗaya ake samunsu ba. Akwai labarin ƙasa: me gwamnati ta ce, ina aka kai hari, yaya naira ta kwana. Akwai kuma labarin gida: ko damina ta sauka, nawa buhun gero yake a Dawanau, wa ya rasu a unguwa, ko hanyar Funtuwa zuwa Gusau tana biyuwa a wannan makon. Yawancin kuɗin da ake asara wajen sayen kaya, rashin raba waɗannan biyun ne yake jawo shi. Mutum ya sayi dish mai tsada alhali abin da ransa yake so shi ne sanarwar rasuwa da ɗaurin aure ta rediyon garinsu.

Kafin komai a gyara lissafin agogo. Najeriya da Nijar suna gaban Ghana da awa ɗaya cur. Shirin BBC Hausa da aka saba ji da shida da rabi na safe a Kano, a nan biyar da rabi ne, wato kana fitowa daga sallar asuba. Na takwas da rabi na dare kuma bakwai da rabi ne. Mutane da yawa sun zargi rediyonsu da lalacewa, ashe awa guda suka makara.

Mu fara da rediyo mai gajeren zango, tunda da shi iyayenmu fataken goro suka dogara. Amfaninsa a fili yake: sau ɗaya za ka biya, babu kuɗin data, babu rajistar layi, kuma ranar da kamfanin wutar lantarki na ECG ya ɗauke wuta batir biyu ko uku sun ishe ka. Da shi ake kama manyan tashoshin waje masu sashen Hausa, irin su BBC da ta soma Hausa tun 1957 da RFI da ta soma a 2007. Muryar Amurka kam kada a sayi akwati saboda ita, domin a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukanta.

Wajen saye, duba jikin akwatin ka ga an rubuta SW, wato gajeren zango, kuma ya ƙunshi mita 16, 19, 25, 31, 41 da 49. Akwai ƙananan rediyo da yawa a Kejetia masu fitila da gurbin memori waɗanda FM kawai suke kamawa da kyau, SW ɗin ado ne. Masu allura irin Kchibo suna da araha, amma tasha tana zamewa, sai ka riƙa bin ta da yatsa. Masu lamba a allo irin Tecsun sun fi tsada, sai dai kana danna mitar ka ajiye ta, gobe ka same ta inda ka bar ta. Ga wanda zai saurara kullum, mu mai lamba muke ba da shawara. Da rana tasha ta fi fita a mita 16 da 19, da asuba da dare kuma a 31, 41 da 49. Tashoshin suna sauya mitoci sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, saboda haka in shirin ya ɓace a waɗannan lokutan, mita aka canza, a nemi sabuwa.

Babbar matsalar gajeren zango a Zongo ita ce ƙugi. Cajar waya mai araha, ƙwan fitila na LED da inbata duk suna fitar da ƙarar da take danne tasha, kuma a gidan haya mai ɗaki goma ba ka da iko da cajar maƙwabci. Maganinsa: yi amfani da batir maimakon jona wuta, matsa kusa da taga, sannan ka samo siririyar wayar wuta mai tsawon mita biyar zuwa goma, ka ɗaura baki ɗaya a eriya, ɗayan ka miƙa shi waje nesa da wayoyin lantarki. In hadari ya taso a cire ta. Amma a sani, duk kyawun akwatin ba zai kamo Freedom Radio ta Kano ko Anfani ta Nijar ba. Waɗannan FM ne, zangonsu ba ya wuce garinsu da kewaye. A FM ɗin Kumasi abin da za ka samu da Hausa shi ne irin su Zuria FM, masu kyau ƙwarai ga labarin Zongo da na Ghana, wanda shi ma baƙo yana bukatarsa.

Labarin gida na ainihi a waya yake, kuma a nan ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Tashoshin Kano da Kaduna da yawa suna watsa shirinsu kai tsaye a intanet, har da shirye-shirye irin su Inda Ranka, ga jaridu kamar Aminiya da Premium Times Hausa, ga kuma zauren dangi na WhatsApp wanda babu tashar da ta kai shi saurin kawo labarin haihuwa da rasuwa.

Wace waya? Kada kyamara ta ruɗe ka. Abin dubawa uku ne: batir mai 5,000 mAh, ma'ajiya aƙalla 64GB domin saƙonnin murya da bidiyon biki suna cika waya da wuri, da gurbin layi biyu. Tecno, Infinix, itel da ƙananan Samsung duk suna da irin wannan. In ta hannu za ka saya a Adum, danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, ka sa mai kayan ya goge wayar gaba ɗaya a gabanka ya kunna ta, domin wadda ke ɗaure da asusun tsohon mai ita za ta tsaya tana neman kalmar sirrin da ba ka da ita. Sa layinka ka yi kira, ka jona caja ka ga tana ɗauka, kafin kuɗi ya bar hannunka.

Gurbin layi biyun yana da dalili. Ɗaya na Ghana ne, MTN ko Telecel ko AT, wanda za ka riƙa sayen data da shi. Rajistarsa da katin Ghana ake yi, baƙo kuma akwai nasa katin na waɗanda ba 'yan ƙasa ba a hukumar katin shaida ta NIA. Kada ka sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ranar da aka toshe shi kuɗin MoMo ɗinka, wato asusun kuɗi na waya, zai maƙale. Ɗayan gurbin na layin gida ne. Kashe masa data kwata-kwata domin kuɗin yawo da layi a ƙetare yana da zafi, amma ka riƙa sa masa kati kana ɗan amfani da shi lokaci-lokaci. Layin da aka yi watanni ba a taɓa ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma da shi lambar sirrin bankinka da WhatsApp ɗinka za su tafi.

Yanzu lissafin data, wanda shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa. Sauraron murya zalla a kan 64 kbps yana cin kusan 29MB a awa. Awa ɗaya kullum har wata bai kai 1GB ba. Shirin nan dai in ka kalle shi a Facebook ko YouTube, ko da a 360p ne, yana cin wajen 300MB a awa, wato kusan 9GB a wata. Ninki goma ke nan, domin kallon mutum biyu zaune gaban makirufo. Ga kuma batir: bidiyo yana bukatar allo a kunne, manhajar rediyo kuwa tana ci gaba da magana waya tana aljihu. Saboda haka nemi manhajar tashar ko Radio Garden, ka bar bidiyo sai abin da ido ya zama dole. A WhatsApp shiga saituna ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, in ba haka ba zauren dangi mai mutum ɗari biyu zai cinye datar mako a daren kamu ɗaya. Mai son wa'azi ko dogon shiri ya sayi datar tsakar dare, ya sauke, ya saurara da rana a shago. Batirin ajiya mai 10,000 mAh kuma caji ɗaya da ɗan ƙari yake ba waya mai 5,000, ba biyu ba, domin wani kaso yana salwanta wajen juya wutar.

Illar waya ita ce jita-jita. Bidiyon harin shekara uku da ta wuce yakan dawo a matsayin na jiya, mutum yana Kumasi hankalinsa ya tashi a banza. Kafin ka tura wa wani, kira mutum ɗaya da ke garin, ko ka jira shirin rediyo na gaba.

Dish kuwa na iyali ne. In akwai uwargida da yara, kuma ana so yaran da suke tashi cikin Turanci da Twi su riƙa jin Hausar gida, to Arewa24 da tashoshin wa'azi suna da amfani sosai. Sai dai dish ɗin MultiTV da ke kan yawancin rufin Kumasi yana fuskantar tauraron da ke digiri 28.2 gabas ne, tashoshin Ghana yake kawowa. Na Hausa suna kan wani tauraron daban, don haka sai an ƙara faranti na biyu, gara mai faɗin santimita 90 saboda ruwan Kumasi yana yanke hoto a ƙaramin faranti, tare da ɗan makunnin DiSEqC da zai haɗa su a dikoda ɗaya. Mai son DStv ko StarTimes ya tambaya ko tashar Hausar da yake so tana cikin kunshin Ghana, domin jerin tashoshin nan da na Najeriya ba ɗaya ba ne. Kada a sallami mai haɗawa sai hoton tashar ya fito a talabijin, kuma a nemi izinin mai gida kafin a huda bango.

Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne ya sayi waya mai babban batir, ya saba da sauraron murya. In an samu rara, a ƙara rediyo mai lamba domin ranakun ɗauke wuta da ranakun da data ta ƙare. Dish ya jira sai iyali sun tare.