Kyamarar ɗaukar shirwa da shaho: wacce za ka saya a Yamai?

Wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Isa, wato kogin Neja, da yamma ya ɗaga wayarsa ga shirwa ya san abin da ake samu: ɗan baƙin ɗigo a cikin farin sama. Tsuntsun da ke farauta ba ya tsayawa kusa, ba ya kuma jiran ka gyara. Shi ya sa nake cewa kafin ka tambayi nisan da kyamara ke jawowa, fara tambayar saurin da take kama tsuntsu yana cikin tashi.

Zaɓi na farko shi ne kyamara mai zum a jikinta, wadda ba a cire mata gilashi. Nikon P900 ta 2015 tana jawowa sau 83, P1000 ta 2018 har sau 125. In ungulu ce zaune kan bishiya kusa da mahauta, za ka ƙirga gashinta. Tana da wata fa'ida da mu kaɗai muka san darajarta: tunda ba a buɗe ta, ƙurar hunturu ba ta samun ƙofa da sauƙi. Amma allon da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, irin na waya, kuma da shaho ya tashi sai ta yi ta lalube. P900 kuma ba ta ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ke riƙe duk bayanan da allon ya ɗauka. In wannan layi za ka bi, nemi P950 ta 2020, wadda ke da RAW.

Wannan RAW ɗin ba ƙaramar magana ba ce. Samaniyarmu a watan Janairu fara ce fat saboda hazo, tsuntsu kuma mai duhu. Kyamara tana auna hasken sama, sai ƙarƙashin fiffike ya fito baƙi ƙirin. Da RAW kana iya ɗago duhun nan a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ko a darktable da ake samu kyauta, zanen gashin ya dawo ba tare da hoton ya dagule ba. Da JPEG kuwa, tsarin hoto na yau da kullum, abin da ya tafi ya tafi.

Zaɓi na biyu, kuma shi nake ba ƙannena shawara a kai: tsohuwar kyamara ta hannu mai cire gilashi. Nikon D500 ta 2016 da Canon 7D Mark II ta 2014 duk suna harba hoto 10 a daƙiƙa, an kuma yi su da jiki mai jure wahala. Haɗa ɗaya da dogon gilashin Sigma ko Tamron mai milimita 150 zuwa 600. Nauyinsa ya kai kilo biyu, kafaɗa za ta faɗa maka, amma a nan ne za ka sa saurin ɗauka a 1/2000 na daƙiƙa ka tsayar da fiffike cak. Kafin ka biya, sa mai kaya ya nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska tocila cikin gilashin ka duba ƙura da tabo, ka gwada ta a kan tantabara tana tashi. Kada ka canza gilashi a fili ranar iska.

Mai hali sai ya duba Canon R7 ta 2022, wadda ke gane idon tsuntsu ta bi shi da kanta. Batirinta ba ya daɗewa kamar na tsofaffin, don haka sayi batir biyu saboda ɗaukewar wuta.

Yawan megafiksel, wato ma'aunin ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, ma ka duba shi, domin kusan kowane hoton shirwa sai an yanke gefensa don tsuntsun ya cika hoton. R7 tana da 32, D500 tana da kusan 21. In za ka yanke, bar fili a gaban bakin tsuntsun, inda ya dosa, kada kuma ka datse bakin fiffike. Launi kuma a bi shi a hankali. Shirwa ruwan ƙasa ce, ba ja ba.

Dogon gilashi yana jawo ido, saboda haka kada ka nufa da shi wajen barikin soja, filin jirgi ko gada. Ungulu kuma, wadda tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, in ka tarar da ita kan sheƙa, ɗauka daga nesa ka wuce.