Karɓo kariya haski a wajen masu ceton karnuka: mutanen kirki ne, amma sun ɓoye mini magana

Duk mai niyyar karɓar kare a wajen 'yan sa-kan nan da ke gefen garin Jos, ya tanadi bakin amsa tambaya. Ni da na je karɓo kariya haski (husky), irin karen ƙasashen sanyi mai kama da kyarkeci, ko da na je neman aure ba a titsiye ni haka ba. Katangarka tsayinta nawa? Akwai bishiya a gidan? Wa zai riƙa fita da ita? Uwargida ta yarda? Har bidiyon tsakar gidana sai da na tura musu ta WhatsApp. Da suka ji Bauchi zan kai ta kuwa, saura kaɗan su fasa, wai zafinmu ba irin na Filato ba ne. A nan ban ga laifinsu ba, kowa ya san yadda watan Maris da Afrilu suke a garin nan.

Babban ɗana ne ya matsa. Ni kuma na ga unguwarmu ta can hanyar Dass ce, gidaje jefi-jefi, samun kare a gida ba zai zama asara ba. Yarinyar da ke kula da wajen, ɗalibar likitancin dabbobi ce, ba ta yi mini rufa-rufa a kan wannan ba. Ta ce, "Baba, in mai gadi kake nema, ka samu karen gida. Wannan ko ɓarawo ne ya diro, wutsiya za ta kaɗa masa." Haka ɗin ne kuwa. Haski ba ta cika haushi ba, sai dai ta ɗaga kai sama ta ja wani dogon kuka, kuma kun san abin da mutanenmu ke faɗa a kan kukan kare da tsakar dare.

Wajen nasu ba wani abin kallo ba ne: tsohon gida, keji-keji na ragar waya, warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma akwai tsafta, karnukan kuma a ƙoshe suke. Yawancin haskin da ke hannunsu labarinsu ɗaya. Mutum ya ga ɗan kwikwiyo mai shuɗin ido a Instagram, ya zuba kuɗi ya saya, kafin shekara ya gane ba zai iya ba, sai sarƙa. Daga sarƙa kuma sai a jefar, ko a sayar wa dillalan da ke kai karnuka kasuwar Dawaki ta Kanke, inda ake sayensu don nama. Tawa da ta juyo ta kalle ni, ido ɗaya shuɗi ne, ɗaya ruwan ƙasa, a wuyanta kuma akwai zoben tabo inda sarƙa ta ci, gashi bai sake fitowa ba. An cire mata mahaifa, an yi mata allurai har da ta haukan kare, komai a rubuce a kati da hatimi. Abin da na biya bai kai kuɗin alluran ba ma, wanda ya san farashin haski a hannun masu kiwo zai gane abin da nake nufi.

Shawarar da suka ba ni a kan zafi ma ta yi amfani. Yarona ya so a aske ta, suka ce kul. Gashin nata hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kauri, kuma shi ke tare mata rana. In an aske, fatar ce za ta ƙone. Sai muka zuba yashi a ƙarƙashin dogon yaro muna jiƙa shi da ruwa, fita yawo kuma sai bayan asuba ko bayan isha'i. Ɗaki dai ba ta shiga, tana can filin baya da kwanukanta daban. Har zuwa nan, da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba su ba tare da na yi tunani ba.

Sai wata Juma'a. Mun tafi masallaci ni da yaran, uwargida tana ɗaki. Muna dawowa na hango taro a ƙofar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ke riƙe da jikokinta. Yara na ta ihu, "Kyarkeci! Kyarkeci!", kowa da dutse a hannu, wani saurayi ya taho da taɓarya. Na kutsa na shiga. Ga kariyata tsaye a bakin akurki, farin bakinta ya rine da jini, gashin kaza ya manne mata a hanci, tana kaɗa wutsiya da ta gan ni. Ashe ta wajen rariya ta tona, ta ƙarƙashin katanga, ramin da ko a mafarki ban zaci jikinta zai wuce ba. Kaji a zube ko'ina a tsakar gidan. Ba ci ta yi ba, karya musu wuya kawai take yi ta wuce ta gaba. Wani maƙwabci ya yi saurin yanka biyu da ke da sauran numfashi, sauran duk sun zama mushe.

Tsohuwar tana zaune a kan turmi da talo-talonta a cinya, kansa na reto. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, duk abin da aka kashe zan biya." Ta ce, "Ɗan nan, wannan na bikin jikata ne. Tun yana ɗan tsako nake ba shi tsaki da hannuna." Ta ci gaba da shafa shi.

A waje kuma magana ta riga ta canza: kariyar mahaukaciya ce, ku dubi idonta, a kashe ta kafin ta ciji yaro. Wanda ya taɓa ganin mutumin da haukan kare ya kama ba zai zargi masu wannan tsoron ba, don in alamun cutar suka bayyana ba a tashi. Katin nan ne ya cece ta. Yarona ya ruga ya ɗauko, mai unguwa ya sa tabarau ya duba kwanan watan allurar, ya ce a ajiye duwatsu. Amma ya faɗa mini a gaban kowa: "Malam, in ta sake fitowa, babu ruwan kowa da abin da ya same ta."

Da yamma na kira yarinyar nan raina a ɓace. Kun san me ta ce? "Ayya, Baba! Ai abin da ya raba ta da mai ita na farko ke nan, zomayensa ta kashe." Wato sun sani. Duk tambayoyin nan da aka jera mini, babu wanda ya ce, akwai kaji a gidanka ko a maƙwabta? A wace unguwa ce a Bauchi babu kaji da awaki suna yawo? Ta ce wai an rubuta a takardar da na sa wa hannu. Na duba, wasu kalmomi ne na Turancin likitocin dabbobi a can ƙasan shafi. Wanda ya iya buɗe baki ya ce mini ba ta gadi, me ya hana shi ya ce mini tana kisa? Ni abin da na fahimta, sun ji tsoron in na ji zan fasa, su kuma keji ya cika. Tausayin kare ya sa sun manta da tsohuwa mai kaji.

Kuma ba wai halin wannan kariyar kaɗai ba ne, jininsu ne. Mutanen Chukchi na can Saiberiya a ƙasar Rasha ne suka raine su don jan kaya a kan ƙanƙara, tafiya mai nisa. A 1925 da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nome na Alaska, irin wadda ta addabe mu a Kano da Yobe da nan Bauchi a 2023, karnukan jan kaya irin waɗannan ne suka yi ta karɓa-karɓa da maganin, kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Yarinyar da kanta ta ba yarona wannan labarin ranar da muka je, har da sunan karnukan, Togo da Balto. Ta samu lokacin ba da tarihi, amma zomaye ba su zo bakinta ba. Dabbar da aka yi ta don irin wannan gudun, ɗan zagayen da muke yi da ita da asuba ina zai ishe ta?

To, sai kuma suka kashe mini baki. Ƙarshen makon, su biyu suka shigo motar haya daga Jos da kuɗin aljihunsu, da naɗin ragar waya a but. Ita da wani saurayi suka tona gindin katanga kewaye, suka binne ragar, suka nuna wa birkila inda zai zuba kankare a bakin rariya. Suka ce in raka su wajen Inna, suka tsuguna suka ba ta haƙuri, suka ajiye mata 'yan dakwalen kaji a kwali. Saurayin hannunsa duk ya yi bororo. Babu mai biyan su albashi, na sani, kuma ba kowane mai sayar da kare ne zai ko ɗaga wayarka ba bayan kuɗi sun shiga.

Amma siminti ni na saya, kuɗin talo-talo ni na biya, kuma jikokin Inna da suka saba shigowa ɗiban ruwa a rijiyarmu har yau ba su sake taka gidan ba. Ga sharaɗin da ke takardar, wai ba ni da ikon ba wa kowa ita sai dai in mayar musu, kuma duk wata sai na tura hoto. Ni a bi ni da bincike, su kuma su zaɓi abin da za su faɗa mini. Wanda zai je, kafin ya kalli idon kare ya tambaye su dalilin da mai shi na farko ya rabu da shi, kuma kada ya karɓi "ba ya iya kula da shi" a matsayin amsa.

Yarona ya ce a ba su tauraro biyar, don shi yanzu tare suke tashi da asuba. Ni uku na ga ya dace. Uwargida, wadda tun da kariyar ta fara zubar da gashi take tsince shi a shanya da bakin randa, ta ce biyu ma alfarma ce, kuma ta ce in rubuta cewa ita ba a tura mata wata takarda ta sa hannu ba.