Gidan biya kaɗan-kaɗan a bayan garin Katsina: inda aikin ya tsaya

Tun da aka ji na shiga tsarin sayen gida na biya kaɗan-kaɗan, abokan aiki ba su bar ni na huta da tambaya ba. Yaya gida? Yaushe tarewa? Mu ma mu je mu yanki fom? To, gidan dai yana nan a linta, babu rufi, kuma a yadda al'amura suke yanzu ba zan ce wa kowa ya kai kuɗinsa ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don magana ba ta ƙare tsakaninmu da su ba. Kamfani ne mai zaman kansa, rukunin gidajen kuma yana can bayan titin zobe, inda gari ya ƙare gonaki suka fara.

Zan fara da ba su haƙƙinsu. Wanda ya zana gidajen ya san yadda Bakatsine yake zama. Falon baƙi da ƙofarsa daban yake, baƙo namiji zai shigo ya fita bai ratsa ta wajen iyali ba. Akwai tsakar gida da mace za ta yi shanya, ta hura gawayi ran da gas ya ƙare, yara su yi guje-guje. An bar fili ta baya don wanda zai ƙara ɗaki nan gaba. Gidan gwajin da suka kammala a bakin ƙofar shiga, wanda ake kai kowane mai sha'awa ya gani, ya yi kyau ƙwarai: tayil, silin, tagogi masu raga, har da fanka tana juyawa da janareta. Uwargida da ta gani ba ta ce komai ba sai a mota, ta ce in dai haka namu zai zama, a yanka. A 2021 ke nan. Sharaɗin shi ne a ba da kafin alƙalami mai ɗan kauri, sauran a riƙa biya wata-wata, a karɓi makulli cikin shekara ɗaya da rabi. Ga mai albashi da ke haya a Ƙofar Ƙaura, wanda duk shekara sai mai gida ya aiko ɗansa da sabon farashi, wannan magana ce mai shiga rai.

Aiki kuma ya fara da ƙarfinsa. Tifofi na sauke yashi da tsakuwa, leburori na kwaɓa, mai abinci har ta kafa rumfa. Na kai wani magini da na yarda da shi ya duba harsashin layinmu, ya ce an haƙa yadda ya kamata, kankaren ma ba a yi masa rowar siminti ba. Har yau ban ga tsagewa a ƙasan ginina ba, duk da daminar da ta yi ta sauka a kansa.

Daga 2023 ne abin ya fara ja da baya, kuma a nan dole a faɗi gaskiya, ba duka laifin kamfani ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 410 a farashin gwamnati lokacin da muka yanki fom, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da muka sani a dubu huɗu da 'yan kai ya kai dubu goma a wurare da yawa a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta kira Dangote da BUA da Lafarge aka zauna, aka tsaya a kan dubu bakwai zuwa takwas. Mu kuma a Katsina ba mu da masana'antar siminti. Daga Sakkwato ko Obajana ta jihar Kogi ake yo mana dakonsa a tirela, don haka duk abin da ya taɓa man dizal sai ya taɓa buhun da ke shagon Ƙofar Ƙwaya. Haka rodi, haka kwano, haka waya. Duk wanda ya yi alkawarin gida a farashin 2021 ya shiga uku, wannan ba gardama.

Amma tsadar kaya ta sami kowa, kuma a cikin wannan tsadar mun ga mutane sun gama gini a Katsina sun tare. Abin da ya bambanta namu, wanda sai daga baya ya fito fili a zaman da muka yi da manaja, shi ne kamfanin ba shi da wani jari nasa na a zo a gani. Kuɗin masu saye shi ne jarin. Abin da na biya wannan watan da shi ake aza bulo a gidan wanda ya riga ni, ni kuma nawa ya jira kuɗin wanda zai zo bayana. Adashi ne aka yi da gidaje, sai dai babu wanda ya gaya mana ranar kwasarsa. Da rayuwa ta yi tsada sababbin masu saye suka ɗauke ƙafa, wasu tsofaffin suka kasa ci gaba da biya, sai komai ya tsaya cak. Da an faɗa mana haka tun farko, da kowa ya san irin ruwan da zai shiga.

Ga yadda wurin yake yanzu, ga mai son sani. Layin farko, na bakin hanya, an yi masa rufi, kuma akwai 'yan gidaje da mutane suka tare. Yawancinsu waɗanda suka biya kuɗi gaba ɗaya ne tun farko, ko suka gaji suka ƙarasa da aljihunsu. Layukan tsakiya, inda nawa yake, duk a linta suke. Na can baya kuwa harsashi ne kawai, wasu ma turaku ne da aka kafa aka rubuta lamba da jan fenti, kuma masu gonakin da aka saya a hannunsu sun dawo sun shuka gero da wake a tsakanin turakun. Ban ga laifinsu ba, ƙasa ba ta zama banza da damina.

Na tsaya a cikin abin da zai zama falona na duba da kyau. Tumfafiya ta fito a tsakiya ta kusa kai ƙirjina. Rodin da aka bari a tsaye a kan ginshiƙai ya yi ja da tsatsa, na kusurwa biyu kuma an yanke shi da zarto har ƙasa, aikin 'yan jari-bola. Bulon sahun ƙasa, wanda aka aza a farkon aiki, in ka ƙwanƙwasa shi da makulli sai ya yi ƙara. Na sahun sama, wanda aka buga bayan siminti ya yi tsada, da farce na kankare shi yashi ya zubo mini a tafin hannu. Maginina ya ce a ƙa'ida buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo talatin da 'yan kai ba in mai inci tara ne, wannan kuwa an ja shi ya yi nisa. Ya ce sahu uku na sama sai an sauke kafin a ɗora katako. Katakon rufin ma da aka sauke wa layinmu aka jibge a fili, rana ta murɗe na sama, gara ta cinye na ƙasa. Kuɗinmu ne wannan.

Mai gadin wurin dattijo ne, shi kaɗai ya rage cikin ma'aikata. Awakinsa na kwana a ɗaya daga cikin kangayen. Na ce, "Baba, yaushe rabon da ka ga tifa ta shigo?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ni ma tifar nake jira, ko ta zo da albashina." Ban ƙara tambayarsa komai ba.

Waɗanda suka tare ma ba hutawa suka yi ba. A takardar talla an zana titi mai kwalta, da lambatu, da taransifoma, da tankin ruwa, da masallaci. Babu ko ɗaya. Falwayoyi na tsaye babu waya, kowa da solarsa. Ruwa sai 'yan garuwa, ko a roƙi wanda ya haƙa burtsatse. Hanyar shiga kuwa in aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, mai Keke Napep a bakin titi yake sauke ka, ka naɗe wando. Ga kuma kaɗaici: gida biyar ko shida a tsakiyar kangaye, a wannan zamani da kowa ke kwana da ido ɗaya, ba kowace mace za ta yarda a kai ta can ba.

Abin da ya fi ci mini rai dai ba gini ba ne, takarda ce. Abin da ke hannunmu rasit ne da wasiƙar da kamfani ya rubuta cewa an ba wane gida lamba kaza. Wannan wasiƙa ba shaidar mallaka ba ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallakar fili a cikin birni, kuma wanda ke riƙe da ita ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Kamfanin ya ce yana da takarda guda ta filin gaba ɗaya, za a yanka wa kowa tasa in an gama. Mun ce a nuna mana, aka nuna hoton shafin farko a waya. Shin takardar tana ofis, ko tana ajiye a wani wuri an ci bashi da ita? Har yau ba a ba mu amsar da za a riƙe ba. Kuma wannan ne ya toshe wa ma'aikata da yawa hanya. Wanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa tun 1992, yana iya neman rancen bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya a kan ruwa kashi 6, ya biya har tsawon shekara 30. Amma ba a ba da irin wannan rance a kan wasiƙar kamfani, sai da takardar fili mai inganci. Wasunmu dama ba sa son rancen saboda ruwan da ke ciki, wannan wata magana ce. Waɗanda suke so ɗin ma ba su samu ba.

Yarjejeniyar da muka sa wa hannu kuma, da lauya ya karanta mana ita a tsanake, gefe ɗaya ta kwanta. In mai saye ya yi jinkirin biya wata uku, akwai tara, har ana iya karɓe gidan. In kamfani ya yi jinkirin shekara uku, babu ko layi ɗaya. Wata goma sha takwas ɗin ma a takardar talla take, ba ta cikin yarjejeniya. Wani malami a cikinmu ya ce shari'a ta yarda a sayi abin da ba a riga an ƙera ba, amma da sharaɗin a fayyace siffarsa da kuɗinsa yadda ba za a yi jayayya ba. Mu siffar tamu a hoto take.

Ma'aikatan ofis ba su taɓa yi mini rashin kunya ba, wannan ma a rubuta. Za a ba ka kujera, a kawo ruwan leda, a ce, "Malam, a ƙara haƙuri, kaya na hanya." Sai dai ladabi ba ya rufe ɗaki. Ba su taɓa kiran taro da kansu ba, sai da muka haɗu a zauren WhatsApp muka kafa kwamiti muka matsa. A taron ne wata Hajiya da ta zuba kuɗin sallamar marigayi mijinta ta miƙe ta ce, "Alhaji, ni ba haƙuri na zo saye ba. Ka faɗa mini ranar da zan kwashe marayuna daga gidan haya." Manaja ya sunkuyar da kai. Ni a ganina shirun da suka yi mana tsawon lokaci ya fi tsadar siminti ɓarna, don da sun yi magana da wuri, da yawa za su karɓi kangonsu su rufe tun kwano bai kai inda ya kai ba.

Zaɓi uku suka ajiye mana. Ko ka ƙara kuɗi a kan sabon farashi su ƙarasa, ko ka karɓi gininka yadda yake ka ƙarasa da kanka, ko a mayar maka da abin da ka biya kaɗan-kaɗan bayan an cire wani kaso. Na ukun shi ne mafi muni duk da ya fi daɗin ji: kuɗin da zai yi maka rufi da filasta a 2021, yau da ƙyar ya saya maka kwanon. Na farko kuma zuba ruwa ne a inda aka riga aka ga yana yoyo, sai fa in za a buɗe asusu na daban da kwamiti zai sa hannu, a riƙa sakin kuɗi bayan an ga aiki, linta sannan rufi sannan filasta. Mun kawo wannan shawara, sun ce za su duba. Masu cewa a tafi kotu suna nan, amma da yawa na jan ƙafa, wai shari'a saɓanin hankali, kuma ko an ci nasara a hannun wa za a karɓi kuɗin?

Ni na zaɓi na biyu, da sharaɗi. Ba zan sa hannu ba sai kwamiti ya je ma'aikatar filaye da lauya an binciki fayil ɗin filin, an tabbatar da sunan da ke kai da kuma ko akwai jingina, sannan kamfani ya rubuta cewa zai nemi amincewar gwamna a yanka wa kowa takardarsa. Mutanen layinmu kuma mun fara karo-karo don kwalbati ɗaya a mashigar, saboda in ba a yi shi kafin ruwa ya sauka ba, ko motar bulo ba za ta iya kaiwa wurin ba. Lauyan ya ce mu ba shi zuwa ƙarshen wata.