Tayar Jif da A-kori-kura a Ƙasashen Dusar Ƙanƙara: Wace Ce Za Ta Yi Shekara Ba a Cire Ta Ba?

Duk wanda karatu ko neman abinci ya kai shi Kanada, ko arewacin Amurka irin su Minesota da Mishigan, ko kuwa Jamus, da zarar ya mallaki mota zai tarar da wata ɗawainiya da ba a san ta ba a gida, wato sauya tayoyi sau biyu a shekara. Ana ɗaura na hunturu idan sanyi ya kawo jiki, a cire su idan ya wuce, a biya kuɗin aiki kowane karo, sannan a nemi inda za a jibge manyan tayoyi huɗu har tsawon watanni, alhali mutum yana zaune a gidan haya a saman bene. Wannan wahala ce ta sa kamfanoni suka fito da tayar da ake barin ta a jikin mota shekara guda cur, amma kuma ta ci jarrabawar tafiya a kan dusar ƙanƙara. Ga mai jif ko a-kori-kura da ke zaune a birni, inda ake share tituna ana zuba musu gishiri, irin wannan taya ce ta fi dacewa, matuƙar ya san yadda zai gane ta.

Yawancin motocin da ake sayarwa a Amurka da Kanada suna zuwa ne da tayar da ake kira All-Season, wadda a gefenta aka rubuta M+S, wato laka da dusar ƙanƙara a Turance. Waɗannan haruffa biyu ba shaidar wani gwaji ba ne. Siffar zanen tayar kawai ake dubawa a ba ta su. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, robar irin wannan taya takan fara sandarewa kamar busasshen ƙirgi, ta daina manne wa titi, ko da babu ɗigon dusar ƙanƙara a kansa. Wadda muke magana a kai kuwa, da ake sayarwa da sunan All-Weather, tana ɗauke da tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Masu ƙera taya a Amurka da Kanada ne suka amince da wannan tambari a 1999, kuma ba a ba taya shi sai an gwada ta a kan dusar da aka danne, ta wuce tayar da ake auna sauran da ita da aƙalla kashi 10 cikin ɗari wajen kama ƙasa. Tambarin a jikin robar yake, an zuba shi tare da ita, ba manna shi aka yi ba.

Doka ma a wasu wurare shi take dubawa. A lardin Kubek dole ne motar da aka yi wa rajista a can ta kasance da tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wanda ya saɓa kuma ya biya tarar dalar Kanada 200 zuwa 300, kuma tayar da ke da tambarin dutsen ta cika wannan sharaɗi. A Biritish Kolombiya, daga 1 ga Oktoba ake buƙatar tayar hunturu a mafi yawan manyan hanyoyi, da zurfin zanen da bai gaza milimita 3.5 ba. Jamus ta daina karɓar M+S tsura a lokacin santsi tun daga 1 ga Oktoba, 2024. A Ontariyo kuwa, tun 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga mai tayar hunturu, sai dai yana da kyau mutum ya tambayi nasa kamfanin ko yana lissafa irin wannan taya a ciki kafin ya sa rai.

Ga mai jif irin su RAV4 da CR-V da Highlander, wanda kusan duk tafiyarsa a kan kwalta take, zaɓina shi ne Michelin CrossClimate 2, kuma ba na ɓoyewa. Dalilina na farko yana cikin asalin tayar. Lokacin da kamfanin na Faransa ya fito da ta farko a Turai a 2015, daga tayar lokacin zafi ya faro, ya ƙara mata ƙwarin hunturu, saɓanin wasu da suka ɗauko tayar hunturu suka taurara ta don ta jure zafi. Bambancin yana fitowa fili idan aka taka birki a busasshen titi a watan Yuli da jif cike da iyali: motar tana tsayawa cak, ba tare da wannan laushin da ake ji a sitiyari ba idan an bar tayar hunturu ta kai bazara. Mutum ya tuna cewa ko a Toronto ko Cikago, yawancin ranakun shekara titi a bushe yake ko kuwa a jiƙe da ruwan sama, ba a lulluɓe da dusa ba, don haka tayar da ta gaza a nan ta gaza a mafi yawan aikinta.

Idan aka durƙusa aka dubi fuskarta, za a ga zanen ya bambanta da na sauran. Babu dogayen ramukan nan da ke zagaye taya. Tsage-tsage ne masu siffar harafin V, suna tashi daga tsakiya suna buɗewa zuwa kafaɗu, ta yadda duk juyin da tayar ta yi tana watsar da ruwa da narkakkiyar dusa gefe. Wannan narkakkiyar dusa mai haɗe da gishiri da laka, wadda ke taruwa tsakanin layukan babbar hanya, ita ce ke fizge sitiyari daga hannun direba lokacin da yake sauya layi, kuma a nan ne na fi yaba wa tayar. Kamfanin ya ba ta garantin mil 60,000, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga taya mai tambarin dutse. Tana da tsada, wasu kuma sukan lura motarsu ta ɗan ƙara shan mai. Saboda zanenta fuska ɗaya yake kallo, akwai kibiya a gefenta mai nuna inda za ta riƙa juyawa, don haka idan za a yi musanyar tayoyi, ta gaba ce ke komawa baya a gefe ɗaya, ba a tsallaka da ita wancan gefen. Bayan an gama ɗaurawa, mai mota ya zagaya ya duba kibiyoyin huɗu da idonsa kafin ya bar garejin, domin tayar da aka ɗaura a juye tana tara ruwa a ƙarƙashinta maimakon ta kore shi.

Sauran ba su da laifi, amma ba su ja hankalina haka ba. Nokian ta ƙasar Finlan, wadda ta fara ƙera tayar hunturu a duniya a 1934, tana da Remedy WRG5, kuma ita zan ba wanda dusa ta fi yawa a garinsu. Bridgestone WeatherPeak tana da garantin mil 70,000 da tafiya mai laushi. Toyo Celsius ta mai lallaɓa aljihu ce. Goodyear Assurance WeatherReady da Pirelli Scorpion WeatherActive suna nan ga wanda ya samu rangwame a kansu.

A-kori-kura irin su F-150 da Silverado da Tacoma lissafinsu daban ne, musamman idan ana ɗaukar kaya ko jan tirela ko shiga hanyar tsakuwa. A nan ana komawa ga tayoyi masu manyan haƙora da ake rubuta wa A/T, waɗanda da yawansu yanzu suna da tambarin dutse. Falken Wildpeak A/T4W ce zan fara dubawa, sai Toyo Open Country A/T III. BFGoodrich KO2 da ƙanwarta KO3 sun yi suna da ƙarfin gefe a kan duwatsu, amma da yawan masu sayen su kyan gani suke bi, ba su taɓa sauka daga kwalta ba. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne nauyin da tayar za ta iya ɗauka. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ke nuna girman taya da yawan iskar da motar take buƙata, kuma bayan girman, a jikin tayar, akwai lamba: 110 tana nufin kilo 1,060, 115 kilo 1,215, 121 kuma kilo 1,450. Kada a sauka ƙasa da lambar da motar ta zo da ita. Idan girman ya fara da harafin P aka ɗaura ta a a-kori-kura, ƙa'ida ita ce a raba nauyin da 1.1, wato kilo 1,215 ya koma kusan 1,105. Wadda ta fara da LT ta fi jure kaya, amma tana da nauyi da tauri, motar da ke yawo babu kaya kuma za ta riƙa jijjiga mai ita a banza.

Akwai iyakar da ya wajaba a faɗa. Gwajin da ake yi a Amurka da Kanada kafin a ba da tambarin dutse na tashi ne a kan dusa, ba ya auna birki, ba ya auna kwana, ba ya kuma taɓa daskararriyar ƙanƙara mai sulɓi. Wanda ke zaune a Winifeg ko Edmanton, inda sanyi kan wuce digiri 30 ƙasa da sifiri kuma titi kan yi makonni yana ƙyalli, ya sayi tayar hunturu zalla, irin su Blizzak ko X-Ice ko Hakkapeliitta, ya haƙura da wahalar sauyi. Kuma kada jan ƙafa huɗu ya ruɗi mai jif. Yana taimaka wa mota ta tashi, amma wajen tsayawa taya ce kaɗai ke magana, ga shi kuma jif ta fi ƙaramar mota nauyi.

Duk wannan zaɓe zai tashi a banza idan aka faɗa hannun macuta, kuma suna da yawa a wannan kasuwa, musamman daga Oktoba, lokacin da kowa ke gaggawa. Wani shago da ya yi tallar tayoyi sababbi a farashi mai sauƙi ya taɓa ɗaura mini wasu, baƙaƙe wuluk suna sheƙi, har da ɗan gashin roban nan da ke jikin sabuwar taya. Hunturu bai ƙare ba gefensu ya fara nuna ƙananan tsage kamar zare, da wani makanike ya karanta mini lambar da ke jikinsu sai ga shi sun yi shekara da shekaru a ajiye kafin a sayar mini. Mai shagon ya ce ba a taɓa hawansu ba, saboda haka sababbi ne. Tun daga nan shekarun taya nake fara tambaya kafin sunanta. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 3522 tana nufin mako na 35 na shekarar 2022. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kaɗai take, don haka a nemi a karanta ta tun tayar tana ƙasa, domin mai son ɓoyewa zai juya wannan gefen ya kalli cikin mota. Kamfanonin motoci da dama suna ba da shawarar a sauya taya idan ta shekara shida, masu ƙera ta kuma sun sa shekara goma a matsayin iyaka ko da zanenta bai ci ba. A duba duka huɗun, saboda akan cusa tsohuwa ɗaya a cikin sababbi uku.

Dabara ta biyu ita ce ta tambari. Mai sayarwa zai nuna M+S ya ce ai ta hunturu ce, ko ya nuna hoton tambarin dutse a shafin talla, alhali akwai tayoyin da sunansu ɗaya amma wani girman yana da tambarin, wani ba shi da shi. Wadda ta zo da sabuwar mota daga masana'anta ma takan bambanta da mai irin sunanta da ake sayarwa a shago. A sa yatsa a kan tambarin a jikin ainihin tayar da za a biya kuɗinta.

Tayoyin hannu da ake tallatawa a intanet su ne suka fi haɗari, kuma arha ba ta ado. Akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, wanda ke kusantar da wayoyin ƙarfen da ke ciki ga titi. Ana gane ta da rashin daidaiton ramukan da kuma ɓacewar ƴan tudun nan da ke cikin rami masu nuna iyakar lalacewa. Akwai masu goge lambar shekara, duk tayar da aka ga wurin lambarta a kankare kuwa a bar ta. A leƙa cikinta da fitilar waya a nemi faci, domin facin da aka yi a gefe ko a kafaɗa ba gyara ba ne. A tafi da ɗan gejin auna zurfi: doka a wurare da yawa tana barin taya har milimita 1.6, amma a kan dusa wadda ta sauka ƙasa da milimita 4 ta gama aiki, ko da tambarin dutsen yana nan daram. Irin waɗannan tayoyin da aka yar ne wasu ke lodawa a kwantena zuwa kasuwanninmu na gida, duk da cewa Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi, kuma tsohuwar tayar hunturu a kan kwaltar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu kasada ce da rayukan mutane. Wanda zai aika mota gida ya sauya mata tayoyi tukuna.

A sayi huɗu iri ɗaya a lokaci guda, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son bambancin girma tsakanin tayoyinta, na'urar raba ƙarfin ce ke shan wahalar. A karɓi rasit mai ɗauke da lambobin DOT, a yi wa tayoyin rajista da kamfanin da ya ƙera su, don a samu labari idan aka janye su daga kasuwa saboda wani aibi. Satumba ya fi Nuwamba sauƙin samun girman da ake so da kuma layin gareji. Bayan an ɗaura, a riƙa auna iska da safe kafin a motsa motar, aƙalla sau ɗaya a wata, domin duk saukar digiri 5 zuwa 6 tana rage kusan psi ɗaya (ma'aunin iskar taya), wato tayar da aka cika a ranar da ake digiri 20 za ta rasa kusan psi 7 ranar da sanyi ya kai 20 ƙasa da sifiri.