Ƙaura Zuwa Tsibirin Morishus: Akwati, Kargo Ko Kwantena, Kuma Ya Za A Yi Da Kyanwa?

Takardar ɗaukar aiki ta iso: kwangilar shekara biyu a Ebène, unguwar ofisoshin bankuna da kamfanonin kwamfuta a tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya. Murna ba ta gama lafawa ba uwargida ta tambayi yadda za a yi da kayan ɗakinta, yara kuma suka ce babu inda za su je sai tare da kyanwarsu. Maigida ya fara kiran kamfanonin jigila yana tambayar kuɗin kwantena. Ni dai da zai ji tawa, da ya ajiye maganar kwantena tukuna ya fara da kyanwar, domin ita za ta yanke ranar tashi.

Dalili kuwa shi ne babu ciwon haukan kare a Morishus, kuma hukumomin ƙasar ba sa wasa da hakan. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ke nan daram, saboda haka kare ko kyanwar da ta fito daga nan sai ta bi matakai a jere, babu tsallake ko ɗaya. Da farko likitan dabbobi zai sa mata cif a ƙarƙashin fatar wuya, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ɗauke da jerin lambobi 15. Bayan cif sai allurar riga-kafin haukan kare. Idan aka yi allurar kafin a sa cif, ba za a ƙirga ta ba, sai an sake. Sai a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da ƙasar ta amince da shi, irin na Onderstepoort da ke Afirka ta Kudu, sakamakon kuma dole ya kai ma'aunin 0.5 na ƙarfin riga-kafin a jininta. Daga ranar ɗibar jinin, ƙasashen da ba su da cutar sukan buƙaci a ƙara jiran wata uku. Ka lissafa da kanka: wanda ya fara yau, da wuya ya gama kafin wata huɗu zuwa biyar, alhali kamfani yana so ka kama aiki nan da mako shida.

Ban da wannan akwai takardar izinin shigo da dabba daga sashen likitocin dabbobi na ƙasar da ke Réduit, inda kuma ake killace dabbar bayan ta sauka. Tsawon killacewar ya danganta da ƙasar da ta fito, kuma kai za ka biya kuɗin kwanakinta. A ɓangaren gida kuwa, hukumar killace dabbobi da tsirrai ta Nijeriya, NAQS, ita ke ba da izinin fitarwa.

To, zaɓi uku ne a gabanka. Na farko, ka jinkirta tafiyar iyali har takardun dabbar su kammala. Na biyu, ka tafi, wani amintacce ya riƙe ta ya gama mata takardu, ta biyo ka daga baya. Na uku, ka bar ta gida gaba ɗaya. Na biyun ya fi kwanta mini a rai ga mai kwangilar shekara biyu zuwa sama, domin kafin ta iso ka riga ka sami gidan da mai shi ya yarda da dabba. Gidajen sama da yawa a can suna hana ajiye dabbobi, saboda haka a rubuta yardar a cikin takardar haya, kada a tsaya ga maganar baki. Mai kwangilar shekara ɗaya kuwa, ko wanda dabbarsa ta tsufa ko take fama da ciwo, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Doguwar tafiya a keji da zaman killacewa wahala ce ta gaske ga tsohuwar dabba, kuma barinta wurin yayar uwargida da ta saba da ita ba rashin tausayi ba ne.

Akwai waɗanda ma ba su da zaɓi. Dokar ƙasar ta hana shigo da wasu jinsunan karnuka, ciki har da Pitbull da Boerboel, wanda mutane da yawa ke ajiyewa don gadi a Abuja da Kaduna. Aku kuma, wato ruwan tokan nan mai jan wutsiya da ake kiwo a gidajenmu, tun taron Johannesburg na 2016 aka saka shi a rukunin farko na yarjejeniyar CITES mai kare namun dajin da ke shirin ƙarewa. Fitar da shi sai da izini daga ƙasashen biyu da shaidar asalinsa, abin da wanda ya saye shi a kasuwa ba shi da ita. Ga kuma murar tsuntsaye da ke yawan ɓulla a Nijeriya tun 2006, wadda ta sa ƙasashe ke ɗari-ɗari da tsuntsayenmu. A bar aku a gida.

Yanzu kaya

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙarin akwatuna a jirgin da za ka hau. Yawancin kamfanoni suna ƙayyade kowane akwati a kilo 23, kuma sayen ƙarin akwati ta intanet kafin ranar tafiya ya fi araha a kan saye a filin jirgi. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa tsibirin, sai an yada zango a Nairobi ko Dubai ko Istanbul ko Johannesburg, don haka ka sayi tikiti guda har ƙarshe domin kayanka su wuce da kansu. Amfanin wannan hanya shi ne ranar da ka sauka, ranar kake da tufafinka da takardunka da magungunanka.

Kargon jirgin sama shi ne na tsakiya. Kaya kan iso cikin mako ɗaya ko biyu, amma akwai lissafin da ke ba mutane mamaki a wurin awo. Ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da girma. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000. Kwali mai 60 da 50 da 50 ya zama kilo 25 ke nan, ko da matasan kai ne a ciki masu nauyin kilo takwas, kuma wanda ya fi yawa tsakanin nauyin gaske da na lissafi shi za ka biya. Ashe kargo na littattafai ne da kwamfuta da injin markaɗe da keken ɗinki, ba na bargo da katifa ba.

Sai jirgin ruwa. Kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kusan kubik mita 33, kodayake abin da ke shiga a zahiri bai cika wuce 28 ba, kuma ya ishi kayan gida mai ɗaki biyu ko uku. Mai ƙafa 40 ninkinta ce. Wanda kayansa ba su kai haka ba zai iya shiga haɗaka, a cusa kayansa da na wasu a kwantena guda, ya biya gwargwadon filin da ya ci. Haɗaka ta fi araha a takarda, amma sai an jira kwantenar ta cika, sannan ana sauke kaya ana lodawa fiye da sau ɗaya, a nan ne tangaran ke fashewa. Daga Kano kaya sai sun gangara Legas, daga Apapa ko Tin Can kuma sai an sauya jirgi a wata tashar kafin su isa Port Louis. Ka ware wata biyu zuwa uku a ranka.

Idan kamfanoni biyu suka ba ka farashi, ɗaya ya yi ƙasa sosai, tambayi inda aikinsa ya tsaya. Sau da yawa mai arahar daga tasha zuwa tasha ne kawai. Kuɗin sauke kwantena a can, da na ejan mai fito da kaya daga kwastan, da motar kai su gida, da kuɗin kwana idan takardu suka yi jinkiri, duk suna jiranka. Araha ba ta ado. Nemi farashin ƙofa zuwa ƙofa a rubuce, da jerin abubuwan da ba ya ciki. Haka inshora: akwai wadda ba ta biya sai kayan sun salwanta gaba ɗaya, akwai mai biyan fashewa da karaya, ita kuma ba ta cika karɓar kwalin da ka ɗaure da kanka ba. Fumfuna kuwa galibi sai an saya mata ƙari na musamman.

Fumfunar nan ita ce abin da ɗan Arewa bai saba da shi ba. Mu da muke ajiye shadda shekara biyar a akwati mu ɗauko ta kamar jiya aka buga, za mu tarar da wata duniya. Tsibirin bai wuce kilomita 65 a tsawo da 45 a faɗi ba, teku ta kewaye shi, garuruwan kan tudu irin su Curepipe da Vacoas kuma ruwan sama ba ya yi musu nisa. Takalmin fata da aka bari a kabad mako uku sai ya yi kore. A bakin teku iskar gishiri ke cin ƙarfe. Gado da kabad na katakon da aka matse daga dusar katako, irin wanda ya cika kayan ɗakin amare a yanzu, yana shan danshi ya kumbura, wani tun yana cikin kwantena. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuma lokacin guguwar teku ne, tashar jiragen ruwa kan rufe idan ta matso. A Janairun 2024 guguwar Belal ta cika titunan Port Louis da ruwa har yana jan motoci.

Shi ya sa nake ganin kwantena ba ta dace da mai kwangilar ƙasa da shekara uku ba, sai fa idan kamfani ne zai biya zuwa da dawowa. Gidajen haya masu kayan ciki suna da yawa a can, da gado da firji da injin wanki. Akwatuna da ɗan kargo sun isa farawa, gani ya kori ji: ka zauna wata biyu, ka ga faɗin ƙofar gidan da abin da babu, sannan ka yanke. Rangwamen kwastan da ake yi wa mai izinin aiki a kan tsofaffin kayan gidansa yana da wa'adin wata shida daga isowarsa, don haka akwai sararin yin hakan, muddin ba a yi sakaci ba. Kayan ɗaki kuma na uwargida ne, iyayenta suka yi mata. Ko a adana su a ɗaki mai iska, ko a sayar, ko a kai, da ita za a yanke.

Mota a sayar da ita. A can ta hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama, mu kuwa mun bar wannan tsari tun 1972, ga harajin shigo da mota mai nauyi. Jirgin ƙasan zamani na Metro Express yana haɗa Port Louis da Curepipe, da reshe mai ratsa Ebène. Janareta da tukunyar gas da baturan inbata kaya ne masu haɗari a dokar jigila, a bar su. Kayan lantarki kuwa za su yi aiki, wutarsu 230 ce kamar tamu, soket mai baki uku ma ana amfani da shi. Kilishi da dambun nama da man shanu da irin shuka ba sa shiga sai da izini. Kuka da kuɓewa da yaji a nuna su ga jami'ai a filin jirgi, kada a ɓoye. Naman halal ba abin damuwa ba ne, Musulmi sun haura kashi 17 cikin ɗari, babban masallacin Juma'a na Port Louis kuwa tun shekarun 1850 yake.

Idan ranar kyanwa ta zo, a matsayin kargo mai takardarsa za ta shiga ƙasar, ba a kan cinyar yara ba. Za ka iya bin takardun da kanka, ko ka ɗauki ejan jigilar dabbobi, wanda ya fi kyau ya kasance ɗan IPATA, ƙungiyar masu jigilar dabbobi ta duniya. Ejan ya fi tsada, amma inda za a sauya jirgi a wata ƙasa ni ba zan yi kasadar yi ni kaɗai ba, domin kwanan wata ɗaya da bai dace ba ya isa a tsare dabba. Ka tambayi kamfanin jirgin tun da wuri idan kyanwarka mai gajeren hanci ce irin ta Farisa, da yawansu ba sa ɗaukar irin wannan saboda matsalar numfashi. Keji ya zama mai ƙarfi, wanda za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta a cikinsa. A saye shi wata guda kafin tafiya, a ajiye shi a buɗe a falo ana sa mata abinci a ciki har ta saba. Kada a ba ta maganin barci, yana saukar da bugun jini a sama, likitocin dabbobi da kamfanonin jiragen duk sun hana. Daren tafiya a daskarar da ruwa a ɗan kwanon da ke manne da ƙofar kejin don ya riƙa narkewa a hankali kada ya zube wajen lodi, a shimfiɗa mata tsohon zanen uwargida wanda ba a wanke ba, a rubuta lambar cif da lambar wayar mai karɓa a jikin kejin da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa.