Ferrari: Tsarin Montezemolo ko na Marchionne?

A watan Oktoban 2014 Luca di Montezemolo ya sauka daga shugabancin Ferrari, kamfanin ƙera motocin alfarma na Italiya, bayan shekara 23, Sergio Marchionne ya karɓa. Kan masoya motar ya rabu.

Montezemolo ya yi imanin ƙarancin abu ke ɗaga darajarsa. A 2013 ya taƙaita ƙera motoci zuwa ƙasa da 7,000 a shekara, ko da mai kuɗi zai jira layi. A zamaninsa ne direban Ferrari Michael Schumacher ya ci kambin duniya na tseren motoci na Formula 1 sau biyar a jere, daga 2000 zuwa 2004. Shi ya sa tsofaffin masoya har yau suke kewarsa.

Marchionne kuwa ɗan kasuwa ne. A 2015 ya kai hannun jarin kamfanin kasuwar New York, ya buɗe ƙofar ƙara yawan motoci. A 2022 Ferrari ta sayar da fiye da 13,000, riba ta bunƙasa.

Ni ina ɓangaren Montezemolo. Kuɗi sun shigo, amma direban Ferrari na ƙarshe da ya ɗauki kambin duniya shi ne Kimi Räikkönen, tun 2007, kuma wannan na damuna.