Haƙoran sakawa: rezin, ƙarfe ko dashe, wanne ya dace da bakinka?

Kafin ka tambayi kuɗi a wurin likitan haƙori a Yamai, fara tambayar da me za a ƙera haƙoran, kuma idan sun lalace wa zai gyara su a nan garin.

Mafi yawan abin da ake sa wa mutane shi ne rezin, wanda ake ce wa haƙoran roba. Ya fi araha, ana like shi idan ya tsage, ana ƙara masa haƙori idan wani ya sake fita. Sai dai rezin iri biyu ne. Akwai wanda ake dafawa cikin ruwan zafi na sa'o'i, akwai mai daskarewa da kansa cikin mintoci. Na biyun don gyara aka yi shi. Idan aka ƙera dukan farantin da haƙoran suke zaune a kai da shi, ragowar sinadarin yana ƙona dasashi, launinsa kuma yana saurin juyawa. Nemi dafaffe. Rezin yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, shi ya sa goro da shayi suke rina shi, ƙwayar cutar kandida kuma take zama ciki har ganɗa ta yi ja. A cire shi da dare, a wanke da sabulu, ya kwana cikin ruwan sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi, iskar hunturu tana busar da shi.

Wanda yake da sauran haƙora masu ƙarfi, sitelit ya fi masa, wato firam na ƙarfe, haɗin kobal da kurom. Siriri ne, ba ya cika baki, nauyin tauna kuma yana sauka a kan haƙora maimakon dasashi kaɗai. Aibinsa ƙugiyar da take riƙe shi a jikin sauran haƙora, wadda ake gani idan giɓin a gaba yake. A tabbatar ba mai nikel ba ne, domin jikin mutane da yawa, musamman mata, ba ya ɗaukar nikel. Mai laushin nan na nailan, irin su Valplast, yana da kyaun gani, amma da wuya a yi masa ciko idan dasashi ya janye, kuma dasashi yana janyewa sosai cikin wata 6 na farko bayan cire haƙori. Ba mu ba da shawararsa ga mai giɓi babba.

Dashe kuwa kusa ce da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Ƙarfen titaniyom ne aka fi gwadawa: tun 1965 likita Brånemark ya sa wa mutum na farko a Suwidin. Ƙashi yana buƙatar wata 3 zuwa 6 kafin ya kama kusar. Akwai ta zirkoniya, wani tangaran mai ƙarfi, fara, amma yawanci a haɗe take da kan da ake ɗora haƙori a kai, ba a iya gyara karkatarta bayan an dasa. Haƙorin da ake ɗorawa a sama, ko ƙarfe mai rufin tangaran ko zirkoniya zalla. Mai cin kilishi da mai cizon haƙora cikin barci su ɗauki zirkoniya a turame, don tangaran yana ɓantarewa.

Dattijon da ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa ba sai ya dasa kusa shida ba. Biyu sun isa su riƙe farantin rezin mai maɓalli, sai dai robar maɓallin tana cinyewa, ana sauya ta kamar sau ɗaya a shekara. Ciwon sukari da ba a daidaita ba da shan taba suna sa ƙashin kewayen kusar ya zaizaye, don haka a fara da gwajin jini da hoton muƙamuƙi.

Masu zuwa Tunusiya ko Maroko yin dashe, kada ku dawo ba takardar da ta nuna sunan kamfani, lamba, tsawo da kaurin kowace kusa. Sukurun da yake ɗaure haƙori a kan kusar wani kamfani ba ya shiga ta wani, kuma ran da ya kwance, takardar nan ce likitan Yamai zai fara nema.